Ciwon sukari: Yadda ake hasashen gani bayan tiyatar ido

Idan ciwon sukari ya yi wa ido mummunar illa, sau da yawa tiyata ce mafita ta ƙarshe. To amma ba kowane mara lafiya ne ke samun ganinsa bayan aikin ba, kuma likitoci na da alamomin da suke dubawa domin su faɗa masa abin da zai sa rai da shi.

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021, manya miliyan 537 ne ke fama da cutar.

Yadda illar take

Yawan sukari a jini na toshe ƙananan hanyoyin jini na ritina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bangon cikin ido, wanda shi ne ke ɗaukar hoton abin da mutum ke kallo.

Idan abin ya yi nisa, sai ido ya tsirar da wasu sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari. Waɗannan kan fashe, jini ya cika ruwan nan mai yauƙi da ke tsakiyar ido. Sukan kuma bar tabo, wanda ke jan ritina har ta ɓalle daga mazauninta.

A wajen tiyatar, likita kan zuƙe ruwan yauƙin da jinin, ya yanke tabon, ya ƙona wuraren da suka lalace da hasken leza. Wani lokaci akan cika idon da iska ta musamman ko man silikon domin ritina ta zauna.

Dakta Robert Machemer ne ya fara irin wannan aiki a birnin Miami na Amurka a shekarar 1970.

Alamomin da ake dubawa

Babban abin lura shi ne halin da makula take ciki, wato ɗan wurin da ke tsakiyar ritina, wanda da shi ake karatu da gane fuskoki.

Idan jini ne kawai ya tare gani, makula kuma na nan lafiya, to akwai kyakkyawan fata. Idan kuwa ta ɓalle, musamman ma in ta daɗe a haka, ko da an mayar da ita, ba lallai ne gani ya koma yadda yake ba.

Haka nan idan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita sun toshe, babu tiyatar da za ta farfaɗo da ƙwayoyin da suka mutu.

Likitoci kan kuma duba ƙarfin ganin mutum kafin aikin, da ko an taɓa yi masa leza, abin da ke taimakawa. Tsirowar hanyoyin jini a kan baƙin ido kuwa mummunar alama ce, domin tana iya kai wa ga gulukoma mai tsanani.

Ana kuma la'akari da lafiyar ƙoda, da hawan jini, da yawan sukari a jiki.

Na'urar OCT, wadda aka fara bayyana ta a 1991, na nuna ritina hawa-hawa. Amma idan jini ya rufe ido, sai dai a yi hoton sikanin, kuma hasashen ya fi wuya.

Muhimmancin lokaci

A shekarar 1985 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan idanu 616 da jini ya cika.

Bayan shekara biyu, kashi 25 cikin 100 na idanun da aka yi wa tiyata da wuri sun sami gani mai kyau, yayin da kashi 15 ne kawai suka samu a cikin waɗanda aka jinkirta.

Bambancin ya fi yawa ga masu nau'in farko na cutar: kashi 36 da kashi 12.

Tun daga lokacin kayan aiki sun inganta ƙwarai. Yanzu akan yi allurar magunguna irin su Avastin a cikin ido kwanaki kaɗan kafin tiyata, domin rage zubar jini.

Bayan aiki

Gani ba ya dawowa rana ɗaya. Yakan ɗauki makonni ko watanni, kuma jini na iya sake zuba. Yanar ido ma takan biyo baya, sai dai ita ana iya cire ta.

A ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙwararrun wannan tiyata ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane ne, ga shi marasa lafiya kan makara wajen zuwa asibiti.

Don haka ne likitoci ke shawartar duk mai ciwon sukari da ya riƙa kai idonsa ana dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau, domin cutar kan yi ɓarna tun kafin mai ita ya lura.