Amsar Tambayoyinku: Yadda Likitoci Suka Gano Mazaunin Farfaɗiya

Masu sauraronmu da dama sun aiko da takardu suna tambaya, shin farfaɗiya taɓin iska ce, ko kuwa ciwo ne na jiki? To jama'a, ga abin da tarihi ya nuna.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitocin ƙasar Girka suka rubuta cewa daga ƙwaƙwalwa ciwon yake tasowa. Amma fa ba su da hanyar leƙa cikin kan mai rai. A 1880 wani likitan Jamus, Wilhelm Sommer, ya bayyana abin da ake tararwa a ƙwaƙwalwar wasu masu farfaɗiya bayan rasuwarsu: wani ɗan sashe can ciki, saitin kunne, ya motse ya yi tauri kamar tabon tsohon gyambo.

Hoton ƙashi ya samu a 1895, sai dai ƙoƙon kai yake nunawa, ba abin da ke ciki ba. A 1924 Hans Berger, shi ma a Jamus, ya fara auna lantarkin da ƙwaƙwalwar mutum ke aiki da shi. Daga baya aka gane lantarkin nan ne ke rikicewa lokacin faɗuwa. Sai 1971, a birnin Landan, na'urar CT ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci yanka-yanka, ba tare da wuƙa ba. Bayan 1980 na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu ta shiga asibitoci, ta nuna tabon nan na Sommer ƙarara a kan mai rai.

Me ke barin illa a ƙwaƙwalwa? Akwai buguwar kai, da wahalar haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da ƙari. Wasu kuma hotonsu yakan fito lafiya lau, alhali suna da ciwon.

Saboda haka, ɗan'uwa, ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko taɓawa. In mutum ya faɗi a gona ko kasuwa, kada ku gudu. Ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali a baki. In ya farfaɗo, a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani suka riƙe shansa. Allah ya ƙara mana lafiya.