Tsubaki a Cikin Kasko

Duk mai shan shayi a cikinmu ya san dangin kameliya ko da bai taɓa jin sunan ba, domin ganyen da muke tafasawa na wata 'yar gidan ne. 'Yar'uwarta da Japanawa ke kira tsubaki kuwa, don furenta ake renonta: ja ko fari, mai buɗewa a ƙarshen lokacin sanyi. Linnaeus ne ya raɗa wa dangin suna a 1753, don tunawa da Georg Kamel, masanin tsirrai da ya yi aiki a Filifin.

Shi kuma bonsai, wato renon itace a kasko har ya tsufa bai yi tsawo ba, daga Sin ya samo asali. A bangon kabarin Yarima Zhanghuai, na shekarar 706, an zana mai hidima ɗauke da faranti mai duwatsu da 'yan tsirrai. Zuwa 1309 irin waɗannan itatuwa sun bayyana a wani naɗaɗɗen zane na Japan, Kasuga Gongen Genki.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, sha'awar biyu ta bunƙasa a gida ɗaya. Shogun na biyu, Tokugawa Hidetada, ya ƙwallafa rai a kan tsubaki, manyan gari suka bi sahu, masu lambu suka shiga gasar fitar da sababbin launuka da furanni masu ninki. Ɗansa Iemitsu kuma itatuwan kasko ya so, har yau akwai wani itacen pine da ake dangantawa da shi a fadar sarki a Tokyo. Ana yawan cewa mayaƙan samurai sun tsani tsubaki saboda furenta kan faɗo ɗungurungum kamar kan da aka fille. Labari ne mai daɗin ji, amma mu dai muna ganin lambun Hidetada ya isa ya sa a yi masa taka-tsantsan.

Matsalar ita ce sha'awar biyu ba su nufi wuri ɗaya ba. Mai lambu yana neman fure babba, mai bonsai yana neman komai ya ƙanƙance. Ana iya rage tsawon itace da datsa, a ɗan rage girman ganye, amma fure ba ya jin almakashi. Tsubakin lambu da aka mayar kamu biyu za ta fito da fure kamar tafin hannu, sai ka ga yaro sanye da rawanin kakansa. Shi ya sa masu sana'ar suka karkata ga masu ƙananan furanni, irin su sazanka da wabisuke, wadda masu shagalin shayi suka daɗe suna so.

Wanda ya nace sai ta lambunsa, akwai tsohuwar dabarar da Japanawa ke kira toriki. A zaɓi reshe mai kauri da lanƙwasa mai kyau, a ɓare ɓawonsa zobe guda, a naɗe wurin da jiƙaƙƙen gansakuka. Bayan wasu watanni saiwa ta fito, a yanke reshen a dasa cikin ƙasa mai ɗan tsami, irin ta Kanuma, uwar itacen kuma tana nan a lambu da ranta. Datsa sai bayan fure ya zube, domin a lokacin zafi take ƙulla tohon furen baɗi. A shekarun farko ma akan cire mafi yawan tohon tun bai buɗe ba, don ƙarfin itacen ya tafi ga saiwa da rassa.