Routemaster: Jar Bas ɗin Landan da Ta Yi Kusan Shekara Hamsin Tana Aiki

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin Landan, da wuya bai ci karo da jar bas mai hawa biyu ba. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Routemaster. Mun saba yi mata kallon kayan tarihi, alhali labarin ƙirarta ya fi launinta armashi.

Hukumar sufurin Landan ce ta tsara ta, kamfanonin AEC da Park Royal suka ƙera. An nuna samfurin farko a 1954, ta fara ɗaukar fasinja a 1956, kuma kafin a daina ƙera ta a 1968 an fitar da guda 2,876.

Sirrinta daga jirgin sama ya samo asali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan hukumar sun yi aikin haɗa jiragen yaƙi ƙirar Halifax, inda suka naƙalci sarrafa alminiyam. Wannan ilimi suka juyo da shi kan mota. Maimakon ɗora bodi a kan dogon shasi mai nauyi, sai suka yi bodin alminiyam mai riƙe kansa, suka ɗaura masa ƙananan firam biyu, na gaba ɗauke da inji da sitiyari, na baya ɗauke da ƙafafun baya. Da haka ta samu kujeru 64, kuma duk da hakan ba ta kai nauyin RT da ta gada ba, mai kujeru 56. Sitiyarinta mai laushi ne, giyarta kuma na iya canza kanta.

Tun wajen zane aka yi tunanin bakanike. A babban garejin Aldenham, akan raba bodi da firam, a gyara kowanne daban, sannan a sake haɗawa, domin kayan wannan mota suna shiga waccan.

Amma dandamalinta na baya, da ba shi da ƙofa, shi ya zame mata farin jini da kuma ajali. Fasinja kan faɗo, dole a biya kwandasta, mai keken guragu kuma ba shi da hanyar shiga. Ranar 9 ga Disamba, 2005, ta yi jigilarta ta ƙarshe ta yau da kullum a layi mai lamba 159.

Mu da muke ganin yadda rashin kayan gyara ke kwantar da sababbin motoci a garuruwanmu, ya kamata mu riƙa tambaya kafin a sayo: wa zai gyara ta, kuma wa za ta bari a tasha?