Jirgin Ƙasa a Duniyar Tsafi: Tarihin Adabin Injin Tururi da Littafin Raising Steam

A shekarar 2013 marubucin nan ɗan Ingila, Terry Pratchett, ya fito da ƙagaggen labarinsa mai suna Raising Steam, wanda shi ne na 40 a jerin littattafan da ya gina a kan wata duniyar almara da ya kira Discworld. Duniya ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, tana bisa gadon bayan giwaye huɗu, su kuma suna tsaye a kan wani ƙaton kunkuru da ke iyo a sararin samaniya. Matsafa da mayu da wadanni da ƙattin dutse duk suna zaune cikinta. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin gano abin da ya sa labarin shigar jirgin ƙasa cikin irin wannan duniya ya ja hankalin masu karatu, wanda kuwa ba zai yiwu ba sai an waiwayi tarihin reshen adabin da littafin ya jingina da shi.

Turawa na kiran wannan reshe steampunk, mu kuwa muna iya ce masa adabin injin tururi. Sunan bai daɗe ba. Wani marubuci Ba'amurke, K. W. Jeter, shi ya ƙirƙiro shi cikin raha a wata wasiƙa da mujallar Locus ta buga a 1987, yana neman laƙabin da zai dace da labaran da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke rubutawa a kan Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Shekara uku bayan haka William Gibson da Bruce Sterling suka fitar da The Difference Engine, inda suka ƙaddara cewa injin lissafin da Charles Babbage ya tsara ya yi aiki, har Ingila ta shiga zamanin kwamfuta tun cikin ƙarni na 19.

Sau da yawa manazarta kan ɗauki Jules Verne na Faransa a matsayin kakan wannan adabi, amma akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Shi Verne zamaninsa yake rubutawa. Lokacin da ya buga La Maison à vapeur a 1880, labarin wasu Turawa da suka ratsa Indiya cikin gidajen da giwar ƙarfe mai aiki da tururi ke ja, injin tururi shi ne sabon abin alfahari. Su kuwa su Jeter waiwaye suke yi daga zamanin da na'ura ta koma ƙaramin akwati rufaffe, wanda mai shi bai san abin da ke gudana a cikinsa ba. A ganina nan ne tushen sha'awar yake. Injin tururi ba ya ɓoye aikinsa: ga wuta, ga ruwa a tukunya, ga sandar ƙarfe tana tura ƙafa, ga hayaƙi. Yana huci kamar dabba, yana cin kwal, idan aka yi masa sakaci ya fashe ya kashe mutum. Marubuci ba ya shan wahala wajen mayar da irin wannan na'ura tauraruwar labari.

To, sai dai Pratchett ya bi ta wata hanya dabam. Bai koma baya ya tarar da tururi ba, duniyarsa ce ta yi tafiyar shekara talatin kafin ta iso gare shi. A littafin farko, The Colour of Magic na 1983, birnin Ankh-Morpork matattarar ɓarayi ce da masu takobi, an kuma rubuta shi ne don a yi wa labaran jarumtaka shaguɓe. Sannu a hankali birnin ya riƙa canzawa a gaban idon mai karatu. Hasumiyoyin aika saƙo, masu aiki irin na tangaraho, sun bayyana a The Fifth Elephant na 1999. Jarida ta zo a The Truth na 2000. Aka farfaɗo da gidan waya a Going Postal na 2004. Kuɗin takarda ya biyo baya a Making Money na 2007. Saboda haka wanda ya bi jerin tun daga farko bai karɓi jirgin ƙasa a matsayin ado ba. Ya karɓe shi kamar yadda mutum ke jin labarin an kawo layin dogo garinsu, ya san ƴan kasuwar da za su ci riba, ya san waɗanda za su tsargu. Wannan gata ce da dogon jeri kaɗai ke bayarwa. Littafi guda, komai kyansa, ba ya iya ba mai karatu tsohon gari da zai yi kewa.

Zubin labarin bai da sarƙaƙiya. Wani saurayi, Dick Simnel, wanda gwajin tururi ya hallaka mahaifinsa, ya koyi lissafi da awo ya ƙera injin da ya raɗa wa suna Iron Girder. Attajiri Harry King, wanda ya yi arziki da kwasar shara da bayan gida, ya zuba jari. Shugaban birnin, Vetinari, ya ɗora wa tsohon ɗan damfara Moist von Lipwig aikin shawo kan masu filayen da dogo zai ratsa. Ana cikin haka sai wasu wadanni masu tsananin riƙon gargajiya suka fara ƙona hasumiyoyi, suka kuma ƙwace gadon sarautar sarkinsu yana bulaguro, ya zama dole a mayar da shi gida cikin jirgi a kan dogon da ba a gama shimfiɗawa ba. Mai nazarin tarihi zai ga inuwar George Stephenson da ɗansa Robert a jikin Simnel, da ta injinsu Rocket wanda ya ci gasar Rainhill a 1829.

Nan ne kuma nake da ja da littafin. Ranar da aka buɗe layin Libaful zuwa Manchesta, 15 ga Satumba 1830, wannan Rocket ɗin ya take ɗan majalisa William Huskisson, ya mutu a daren. Kwal ɗin da injunan Ingila ke ci kuwa har da ƙananan yara ake haƙo shi, sai a 1842 doka ta hana mata da yara maza ƴan ƙasa da shekara goma shiga ramin haƙa. Adabin injin tururi ya fi son tagulla mai ƙyalli a kan waɗannan abubuwa, Pratchett ma bai tsira sarai ba. Kusan duk mai ƙin jirgi a littafin mugu ne ko jahili, alhali a littattafansa na baya yakan ba abokin gaba hujjar da sai an yi gumi kafin a rushe ta. Haka nan taurarin sun cika dogayen jawabai, an rasa gajeriyar baƙar maganar da aka san shi da ita. Ya kamata a tuna cewa tun 2007 ya bayyana wa duniya yana fama da wani nau'in ciwon mantuwa, littattafansa na ƙarshe kuma faɗa yake yi ana rubutawa.

Pratchett ya rasu a watan Maris na 2015. Bayan ƴan watanni aka buga The Shepherd's Crown, na 41 kuma na ƙarshe, inda aljanun da ke tsoron ƙarfe suka dawo neman mamaye duniyar, suka tarar dogo ya riga ya ratsa ƙasa.