Tsohuwar Mas da Sabuwa: Asalin Saɓanin Mabiya Katolika kan Tsarin Ibada

A shekarar 1570, bayan kammala Majalisar Tirento wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da littafin da ya tsara yadda za a gudanar da Mas, wato babbar ibadar Cocin Katolika. A bisa wannan tsari, limamin coci yana karanta addu'o'i da harshen Latin, yana fuskantar bagadi, jama'a na bayansa, kuma sashe mafi girma na addu'ar a asirce yake karanta shi. Haka aka ci gaba kusan shekaru ɗari huɗu, ba tare da wani sauyi mai yawa ba.

Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ita ce ta buɗe ƙofar gyara. A watan Disamba na 1963 ta amince da kundin ibada da ƙuri'u 2,147, huɗu kacal suka ƙi. Kundin ya umarci a kiyaye Latin, amma ya ba da damar faɗaɗa amfani da harsunan jama'a, ya kuma nemi masu ibada su shiga cikinta da fahimta. A 1969 Fafaroma Paul na Shida ya tabbatar da sabon tsari. Cikin 'yan shekaru harsunan gida suka mamaye majami'u, limami kuma ya juyo yana fuskantar jama'a.

Wanda ya fi shahara da adawa shi ne Babban Bishop Marcel Lefebvre, Bafaranshen da ya taɓa riƙe Dakar. A 1970 ya kafa Ƙungiyar Waliyyi Pius na Goma a Suwizalan, sannan a 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Fafaroma John Paul na Biyu ba, aka ayyana cewa sun fita daga tarayyar coci.

Sai dai duk wanda ya ɗauka rigimar harshe ce kawai, bai kai ga tushenta ba. Asalin nassin sabon tsarin ma da Latin aka rubuta shi, kuma ya halatta a gudanar da shi da Latin. Haka nan adawar Lefebvre ta haɗa da matsayin Majalisar game da 'yancin addini da hulɗa da mabiya sauran addinai. Tambayar da ke ƙasa ita ce: shin hukumar coci tana da ikon sake fasalin ibadar da aka gada kaka da kakanni?

Su kansu fafaromomi sun saɓa wajen magance lamarin. A 2007 Benedict na 16 ya ba kowane limami damar yin tsohuwar Mas bisa bugun 1962, da hujjar cewa ba a taɓa soke ta ba. A watan Yulin 2021 Francis ya janye wannan sassauci, ya mayar da izini hannun bishop na kowane yanki, domin a ganinsa wasu sun mayar da tsohon tsarin makamin ƙin Majalisar. Dukansu biyu haɗin kan coci suka kafa hujja da shi: na farko ya neme shi ta hanyar barin tsari biyu su zauna tare, na biyu kuma ta hanyar tattara mabiya a kan tsari guda.