Madubin Ido da Cutar Yana: Nazari a kan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya halitta a jikin ɗan Adam, kaɗan ne al'amarinsu ya kai na madubin ido ban mamaki, domin wannan ɗan curi garai-garai da ke rataye bayan baƙin ido, wanda faɗinsa bai wuce milimita 10 ba, ba shi da jijiyar jini ko guda, daga ruwan da ke kewaye da shi yake ci. Kuma furotin ɗin da aka gina tsakiyarsa da shi tun mutum yana cikin mahaifa, da shi zai shiga kabari, ba a sabunta shi. Saboda haka idan shekaru suka ja, zafin rana ya yi ta dukansa, balle a ce ga ciwon sukari ko shan taba, sai furotin ɗin ya dunƙule, madubin ya yi fari. Wannan ita ce yana.

Galibin jama'a sun ɗauka wata fata ce take rufe ido, alhali kuwa madubin ne da kansa ya gurɓace. Magabata ba su gafala daga wannan babi ba: Ammar al-Mausili ya zuƙo yana da allura mai rami wajen shekara ta 1000 Miladiyya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi talifi kan maganin ciwon ido. Sai dai abin da ya wanzu a ƙauyukanmu shi ne aikin masu yawo kasuwa-kasuwa, waɗanda suke soka tsinke su tura madubin ya faɗa cikin ido, mara lafiya ya ga haske nan take ya yi hamdala, sa'an nan kumburi ko hawan jinin ido ya biyo baya.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya tabbatar da cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 na wannan makanta. Idanun da aka yi wa turin gargajiya kuwa, fiye da kashi 70 sun makance.

Alhali kuwa akwai maganin asibiti: tun 1949 likita Harold Ridley ya dasa madubin roba a cikin ido a Landan, aikin da a yau ba ya cin rabin sa'a. Duk da haka, a ganina ba jahilci kaɗai ke kai dattijon Zurmi ko na Shinkafi ko na Ƙauran Namoda hannun mai tsinke ba. Shi mai tsinke yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar hatsi ko akuya, alhali zuwa Gusau, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, yana bukatar guzuri da ɗan jagora, ga kuma hanyar da 'yan bindiga suka sa matafiya fargabar bi.