Daga Akwatin Katako Zuwa Filin Gasa: Tarihin Linzamin Kwamfuta da Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Saya

Idan ka shiga shagon kayan kwamfuta a Barnawa ko Sabon Tasha ka ce a ba ka linzami na buga gasar gem, abin da za a fara nuna maka shi ne lambobin jikin kwali: DPI dubu kaza, maɓallai tara, fitilu kala-kala. Kafin ka zaro kuɗin da ka daɗe kana tarawa, ka ɗan dakata mu duba tarihi. Kowace lamba a kwalin nan an samar da ita ne don magance wata matsala, kuma wasu matsalolin an daɗe da gamawa da su.

Douglas Engelbart, wani injiniya a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, shi ya kawo dabarar, abokin aikinsa Bill English kuma ya ƙera na farko a 1964. Akwatin katako ne mai ƙananan tayoyi biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiyar gaba da baya, ɗaya na auna hagu da dama. Wayar da ta fito daga jikinsa kamar wutsiya ita ta sa Turawa suka kira shi ɓera. A ranar 9 ga Disambar 1968 Engelbart ya nuna wa duniya shi a birnin San Faransisko.

Daga nan aka maye gurbin tayoyin da ƙwallo, ya shiga kwamfutar Alto ta kamfanin Xerox a 1973, sannan Macintosh ta Apple ta kai shi gidajen mutane a 1984. A tsakanin nan aka yi wani bincike da ya shafe ka kai tsaye. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa a Xerox suka gwada na'urorin nuni daban-daban, suka gano cewa saurin mai aiki da linzami ya kusa kai iyakar abin da ido da hannun ɗan Adam za su iya yi tare. Wato tun a lokacin, mutum ne ya fi jawo jinkiri.

In ka taɓa zama a kafe a Kakuri ko Narayi a farkon shekarun 2000, ai ka san linzami mai ƙwallo. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika gari, sai kibiya ta riƙa tsalle a fuskar kwamfuta. Mai kafe ya murɗe marfin ƙasa, ya ciro ƙwallon, ya kankare dattin da ya naɗe sandunan ciki da tsinken ashana. Ga mai cike fom wannan ɗan ɓacin rai ne kawai. Ga mai gasa kuwa, faɗuwa ce.

Gasar ta kankama ne bayan fitowar wasan Quake a 1996, inda ake waiwaye da saiti da linzami. A 1997 wani matashi, Dennis Fong, ya lashe gasar Red Annihilation, aka ba shi motar Ferrari ta John Carmack, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri wasan. Nan 'yan kasuwa suka farga akwai kuɗi a hannun 'yan wasa. A 1999, shekarar da Counter-Strike ya ɓullo, aka fitar da Razer Boomslang, mai ƙwallo amma mai DPI har 2000. A shekarar dai Microsoft ta fitar da IntelliMouse Explorer wanda ba shi da ƙwallo sam: fitila ce ke haska tebur, wata 'yar kyamara tana ɗaukar hoto fiye da dubu a sakan, tana gwada kowane hoto da na bayansa don gane inda hannu ya nufa. Wannan ido shi ya kawo ƙarshen kankare datti.

To, mene ne DPI ɗin? Yawan ɗigon da kibiya za ta matsa ne idan hannunka ya yi tafiyar inci ɗaya. Mu yi lissafi. Fuskar kwamfuta da aka saba gani tana da ɗigo 1920 a faɗi. Da DPI 1600, inci 1.2 ya isa ka ratsa ta. Da DPI 30,000 kuwa, motsin milimita 1.6 ne kawai, kamar ƙwayar gero. Wane hannu ne zai yi saiti a haka? Shi ya sa har yau ƙwararrun 'yan Counter-Strike da yawa suke wasa a kan 400 ko 800.

Lamba ta biyu ita ce sau nawa linzami ke aika wa kwamfuta rahoto a sakan ɗaya. Na ofis yakan aika sau 125, wato duk bayan milisakan 8. Na gasa sau 1000, duk milisakan 1. Wannan ci gaba ne na gaske. A 2021 Razer ta kai shi sau 8000, amma abin da aka rage bai cika milisakan ɗaya ba. Ka gwada shi da fuskar kwamfuta mai sabunta hoto sau 60 a sakan, wadda kowane hotonta ke ɗaukar kusan milisakan 17.

Sai babban jinkirin da ya fi damun ɗan Kaduna, wanda 'yan gem ke kira ping. Idan sabar wasanka tana Turai, saƙonka zai gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Haske a cikin irin wannan waya yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka zuwa da dawowa ya cinye milisakan 70, ba a ma sa tafiyar Kaduna zuwa Legas ba. Babu linzamin da zai biya maka wannan bashi, komai tsadarsa.

Abin da ya rage shi ne wanda Card ya nuna tun 1978: hannunka. Kamfanonin ma can suka koma, suna ta rage nauyi. G Pro X Superlight na Logitech da ya fito a 2020 bai wuce giram 63 ba. Saboda haka idan ka je saye, ka roƙi mai shago ya buɗe kwalin ka riƙe. Duba ko da tafin hannu gaba ɗaya kake kama shi ko da bakin yatsu, ka zaɓi girman da ya dace da kai, domin awanni za ka yi da shi kuma ciwon wuyan hannu ba wasa ba ne. A jona shi, ka fizge shi da sauri hagu da dama. Idan kibiya ta rikice ko ta daskare, idonsa mai rauni ne ko jabu ne, ko da kwalin ya yi alƙawarin duniya. Na hannu mai asali ya fi sabon jabu. In yana aika rahoto sau 1000, ya ishe ka. Mai waya ya fi araha, kuma ba ruwansa da caji ranar da aka ɗauke wuta.

Canjin da ya rage maka, ka sayi shimfiɗa mai faɗi wadda za ka riƙa kakkaɓewa da hunturu, sauran ka zuba a intanet mai ƙarfi. Sannan ka tsaya a kan saiti ɗaya har hannunka ya haddace shi.